Wata Bakwai da Masu Jinyar Gida a Agege: Abin da Na Biya da Abin da Na Samu

A wani zauren taro da ke Ikeja na fara jin labarin kamfanin da zan yi magana a kansa. Muhawara ce aka shirya a kan makomar kula da tsofaffi da masu doguwar jinya a Nijeriya, kuma abin da ya kai ni wurin shi ne halin da gidana yake ciki a lokacin. Mahaifiyata ta yi wata biyu a kwance bayan shanyewar ɓarin jiki, gidanmu na Agege ya koma tamkar ɗakin asibiti, matata kuma ta rame har maƙwabta suna tambaya ko ita ma ba ta da lafiya ne.

Mutum huɗu ne suka zauna a kan dandamali: likitan tsofaffi, da masanin inshora, da wata jami'ar gwamnati, da wata mata mai kamfanin tura masu jinya gida-gida. Jami'ar ta lissafa abin da aka yi a takarda, wato dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2018, da manufar ƙasa a kan tsufa da aka amince da ita a 2021, da dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga inshora. Likitan ya tuna wa mutane cewa sai a 2012 aka buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar nan, a asibitin koyarwa na Ibadan. Masanin inshora ne ya fi daɗewa yana magana, kuma shi ne ya fi ba ni abin da zan tafi da shi, domin ya bambanta abu biyu da nake haɗa su wuri ɗaya. Inshorar lafiya, irin Ilera Eko ta Jihar Legas, an gina ta ne a kan ganin likita da magani da kwanciyar asibiti. Wanda zai zo gida kullum ya yi wa tsoho wanka, ya ba shi abinci a baki, ya juya shi a kan gado, wannan lissafi ne daban, kuma ƙasashe irin Jamus tun 1995 da Japan tun 2000 sai da suka kafa masa inshora tasa ta musamman. Ko Ingila, da ake yawan ba da misali da ita, ta shafe shekaru tana alkawarin ƙayyade iyakar abin da mutum zai kashe a kan irin wannan kulawa, a 2024 kuma ta soke shirin. An yi sa'a biyu ana tafka muhawara, amma a cikin masu magana babu ko ɗaya da sana'arsa ita ce tsayawa a bakin gadon majinyaci daga safe zuwa yamma. Da aka tashi na karɓi katin mai kamfanin, bayan kwana uku na kira su.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su yi maganar kuɗi ba sai da suka turo ma'aikaciyar jinya, nas ta gaske mai lasisi, ta zo ta duba Inna. Ta auna jininta, ta karanta takardun sallama daga asibiti, ta sa aka ba ta ruwa a cokali tana kallon yadda take haɗiya, sannan ta ɗaga zane ta nuna mana wani ja da ya fara fitowa a ƙasan ƙugunta, wanda mu muka ɗauka shatin katifa ne. Ta ce farkon gyambon kwanciya ke nan, kuma idan aka bar shi mako biyu zai buɗe. Bayan wannan ne suka gabatar mini da tsari uku: mai zuwa da rana, mai kwana, da mai zama a gidan gaba ɗaya. Na zaɓi ta rana, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, kwana shida a mako, a kan naira 180,000 a wata, ana biya kafin wata ya kama.

A nan akwai abin da ya kamata duk mai neman irin wannan hidima ya gane tun kafin ya sa hannu. Wadda za a turo maka kullum ba nas ba ce, ko da ta zo sanye da fararen kaya. Mai taimakon jinya ce da aka horar na 'yan makonni, ba ta yin allura, ba ta sa robar fitsari, ba ta canza magani. Nas ɗin tana zagayowa sau biyu a wata, idan kuma ka buƙace ta fiye da haka sai ka ƙara kuɗi. Kamfanin bai ɓoye wannan ba, yana cikin yarjejeniya, amma takardar tallarsu cike take da hotunan masu rataye da abin sauraren ƙirji, kuma na san mutane da yawa a unguwarmu za su kalli hoton su ce an kawo musu likita gida. Haka nan safar hannu, da famfas na manya, da man shafawa, da katifar iska, duk daga aljihunka za su fito. Gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ma ba ya cikin kuɗin, sai ka nemi mai yinsa daban. Katifar iska kuwa ba ta aiki sai da wuta, don haka wanda yake zaune a layin da ake ɗauke wuta rabin yini ya ƙara kuɗin man janareto a lissafinsa.

Wadda aka fara turo mana mace ce mai kimanin shekara 35, Bayarabiya, mai tsafta da kiyaye lokaci, kuma ba zan rage mata komai a kan sanin aiki ba. A wurinta muka koyi cewa ana juya majinyaci duk bayan sa'a biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, a ɗaga dunduniyarsa kada ta riƙa gugar katifa. Ita ce ta hana mu ba Inna koko mai ruwa-ruwa tana kishingiɗe, ta ce a zaunar da ita sosai a dama kunu mai kauri, domin mai shanyewar ɓarin jiki ya fi ƙwarewa da abu mai ruwa, kuma abin da ya bi ta maƙogwaron iska yana iya zama ciwon huhu. Tana da littafi da take rubuta awon jini da lokacin magani da abin da aka ci da sau nawa aka yi bayan gida, wanda da muka koma ganin likita ya karanta shi ya ce da kowane gida zai zo masa da irinsa da aikinsa ya yi sauƙi. Cikin mako uku jan da ke ƙugun Inna ya ɓace. Wannan kaɗai ya isa in ce kuɗin watan farko bai tafi a banza ba.

Sai dai Inna ba ta sake da ita ba ko na rana ɗaya. Shekara 40 Inna ta yi a Agege, da Yarbancinta take cinikin kayan miya a kasuwa, amma ciwon ya taɓa harshenta, maganar da ta rage mata 'yar kaɗan ce, kuma kusan duk Hausa ce. Wata rana na dawo da wuri, bayan an kira azahar, na tarar Inna tana cewa "ruwa, ruwa" tana shafa hannunta mai lafiya a kan fuskarta. Matar ta kawo kofi ta kai mata baki, Inna ta kau da kai. Ta sake kawowa da tsinken zuƙa, Inna ta sake kau da kai, daga nan ta juya fuskarta bango ta yi shiru, hawaye yana bin gefen idonta zuwa kunne. Alwala take nema. Matar ta rubuta a littafinta cewa majinyaciya ta ƙi shan ruwa da ƙarfe 2 na rana, kuma bisa abin da aka koya mata daidai ta rubuta. Akwai kuma maganar wanka. Irin horon da suka samu na asibiti ne, a tuɓe mutum gaba ɗaya a goge shi da sauri a mayar da kaya, ƙofa kuma a buɗe don iska ta shiga. Tsohuwar da tun tana budurwa ba a taɓa ganin ko ƙwaurinta a tsakar gida ba, wannan ya fi mata ciwon kansa zafi. Da na kai ƙorafi ofis sun saurare ni da ladabi, amma na fahimci cewa a fom ɗinsu na tantance majinyaci babu layin da ake tambayar harshen da yake ji, ko yadda yake ibada, ko wanda ya yarda ya taɓa jikinsa. A gari irin Legas, inda Hausawa suke da unguwanni tun kaka da kakanni a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, wannan giɓi ne da bai kamata kamfani mai neman kasuwa ya bari ba.

Bayan mako shida matar ta daina zuwa ba tare da sallama ba. Daga baya aka ce ta samu gidan da ya fi biya a can tsibirin Legas. Ban ga laifinta sosai ba, amma na ga laifin kamfanin, domin yarjejeniya ta ce za a turo madadi cikin sa'a 24, mu kuwa kwana huɗu muka yi babu kowa. Ranar Lahadi na kira layinsu sau bakwai ba a ɗauka ba. Kuɗin kwanakin nan huɗu ma sai da aka kai ruwa rana kafin aka yarda a cire su daga lissafin wata na gaba. Manajan ya ba ni haƙuri da cewa ma'aikata ba sa zama, tun daga 2022 da Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu kula da tsofaffi (ƙofar da ta rufe a 2025) duk wadda suka horar ta ƙware sai ta fara haɗa takardun tafiya, waɗanda ba su tafi ba kuma suna bin inda ya fi tsoka. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma wanda ya karɓi kuɗin wata gaba ɗaya tun ranar 1 shi ne ya kamata ya tanadi ma'aikaciyar ko-ta-kwana.

A cikin kwanakin nan huɗu ne Yayata ta kira daga Kano, kuma ba ta ɓoye abin da yake ranta ba. Ta ce, "Kai yanzu uwarka za ka ɗauko wa bare, ina matarka take? In kun gaji ku sako ta a mota ku kawo mana ita gida." Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ba gajiya ba ce, hannu ne ya yi mana kaɗan." Irin wannan magana na ji ta a masallaci ma, a kaikaice. Na san daga inda take fitowa, domin ni ma a kanta aka rene ni: kula da iyaye ibada ce, kuma kai tsoho gidan gajiyayyu, irin wanda gwamnatin jiha take da shi a Yaba, abu ne da Bahaushe ba ya ko son a ambata a gabansa. Amma jinyar da muke alfahari da ita a da, a babban gida ake yinta, inda akwai matan 'yan'uwa huɗu ko biyar da jikoki da 'yan riƙo, wannan ta yi dare waccan ta yi rana. A ciki da falo na haya a Legas, dukan wannan nauyi a kan mace ɗaya yake sauka, ga yara uku, ga girki, ga kunyar surukuta da take sa wankin jikin uwar miji ya zama nauyi a kansu su biyun. Mayar da Inna Arewa kuma, wadda ƙawayenta da makarantar Islamiyyarta da kabarin mijinta duk suna nan Agege, ban ga yadda za a kira shi komawa gida ba.

Ta biyu da aka turo yarinya ce 'yar Filato, Kirista, wadda ta tashi a Jos, Hausa a bakinta kamar ta Bakano. Ranar da ta fara zuwa ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa a gefen gado ta ce, "Inna, ina kwana, yaya ƙarfin jiki?" Inna ta juyo ta dube ta tsawon lokaci, sannan ta ce, "Da sauƙi, 'yar nan." Rabon da in ji ta haɗa kalma uku a jere tun kafin ciwon. A sanin aiki ba ta kai ta farko ba, sai da nas ta gyara mata yadda ake ɗaura abin awon jini, rubutunta a littafi kuma yana da giɓi nan da can. Amma ta tambayi matata yadda ake taimama, aka nuna mata dutsen da Inna take amfani da shi, kuma tun daga ranar, da zarar ladan ya kira salla, sai ta gyara mata kwanciya ta fuskanci alƙibla, ta rufe mata kai da mayafi, ta ɗora dutsen a kan matashi inda hannun dama zai kai, ta kama hannun hagun da ba ya motsi ta tallafa shi har a gama shafawa, sannan ta koma falo ta ba ta wuri. Wanka kuma a ƙarƙashin zane take yi mata shi, tana buɗe gaɓa ɗaya ta wanke ta rufe kafin ta buɗe wata, ƙofa a kulle. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da kamfanin ya koya mata, kuma babu wanda yake cikin abin da na biya. Sa'a ce kawai ta haɗa mu da ita.

Daga hira da ita na san abin da yake shiga hannunta, wanda bai wuce rabin abin da nake biya ba, wato kusa da naira 85,000 da Jihar Legas ta sanar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024. A wajen Agbado take zaune. Idan ta samu jirgin ƙasa na jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, tana isowa Agege kafin 8. Idan ya wuce ta, sai ta bi motar haya ta danfo ta faɗa gosulon Abule Egba, ta iso 9 ta wuce tana ba da haƙuri. Kuɗin mota daga albashinta yake fita, kuma kowa ya san yadda ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Kamfanin bai ba ta komai na ɗaga majinyaci ba, da ƙarfin bayanta take ɗauke Inna daga gado zuwa keke, har na lura tana dafe ƙugu idan za ta miƙe. Ba ta da inshorar lafiya, ranar da ba ta zo ba kuma ana yanke mata. Lokacin da nake sauraron masana a Ikeja suna maganar makomar kula da tsofaffi, da asusu da doka da tsarin Japan, hankalina bai kai ga cewa dukan ginin a kan bayan irin wannan yarinya zai tsaya ba. Na yarda kamfani yana da hayar ofis da albashin nas da kuɗin horo, amma rabi da rabi rabo ne da yake bayyana dalilin da ya sa ma'aikatansu ba sa daɗewa fiye da yadda bizar Birtaniya take bayyana shi.

Game da tsada, ba sai an faɗa ba, wannan hidima ba ta kowa ba ce. Ni ma'aikaci ne mai albashi, ƙanena biyu suna kawo nasu kason, duk da haka muna jin jiki. Mai shayi ko mai gadi ko ɗan dako a Mile 12, wanda ba shi da fansho, ko da an ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu tun 2019, ba zai iya kusantar wannan farashi ba. Da kamfanin zai fito da tsarin sa'a uku da safe kawai, a yi wanka a duba fata a ba da magani a koya wa mutanen gida juyi da ciyarwa, da ya samu gidaje masu yawa a unguwarmu, domin mafi yawan abin da ya ceci Inna ilimi ne da ake iya koya wa 'ya'ya da surukai cikin mako ɗaya. Na ba su wannan shawara, sun ce za su duba.

Wanda yake da majinyaci a kwance kuma yana da halin biya, ina ganin ya ɗauke su, musamman a watanni ukun farko bayan sallama daga asibiti, lokacin da gyambo da ƙwarewa suka fi yin ɓarna. Sai dai ya ɗauke su a matsayin ƙarin hannu, wani na gida yana nan yana gani, kuma kafin ya biya ko kwabo ya nemi a turo mai jin harshen majinyacin, mace ga mace namiji ga namiji, ya zauna da ita ranar farko ya gaya mata yadda ake salla da wanka da sallama a gidan. Ya karanta sakin layin da ya yi maganar madadi, ya sa a rubuta cewa duk ranar da ba a zo ba za a cire kuɗinta ba tare da sai ya roƙa ba, ya kuma karɓi lambar wani mutum takamaimai da zai ɗauki waya ranar Lahadi.

A farkon watan nan na sabunta yarjejeniyar zuwa wata shida, bisa sharaɗi biyu. Na farko, kada a canza mana 'yar Filaton sai da sanarwar mako guda, kuma sun amince sun rubuta. Na biyu, in riƙa ba ta kuɗin mota hannu da hannu ba tare da an rage shi daga albashinta ba. Wannan sun ce ya saɓa wa ƙa'idarsu ta hana ma'aikaci karɓar kuɗi daga abokin hulɗa, manajan ya ce zai kai maganar gaba, kuma mun yi da shi zan koma ofishinsu ranar Alhamis in ji amsa.